Gugguru da Alkaki a Jarrabawar Wuski

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kafanchan, ni da wata maƙwabciyata da ta saba zuwa Dubai saro kaya. Mama ta rako mu har bakin mota, ta riƙe hannuna ta ce, "Ki je ki gano min da idonki. In ya fara sha, ki taho min da shi." Autanmu take nufi. Labari ya iso gida cewa otal ɗin da yake aiki sun mayar da shi sashen giya, mu kuwa burkutu ce ta cinye mahaifinmu muna ji muna gani. Ranar da Auta zai tafi, a gaban Mama ya durƙusa ya yi alkawarin giya ba za ta taɓa shiga bakinsa ba.

Hanyar Kwoi ta jijjiga mu son ranta kafin mu kai Abuja. A jirgi aka ba mu wata 'yar shinkafa da ko jikana ba za ta ƙosar ba, na ci na gode wa Allah. Muka yada zango a Addis Ababa, washegari sai ga Dubai. Ina fita daga filin jirgi gilashin idona ya yi hazo, zafi ya rungume ni kamar na leƙa tukunyar dambu. Tituna sumul, ko rami ɗaya ban gani ba, direban tasi kuwa ba a ciniki da shi, wani ɗan agogo ne ke faɗin kuɗi.

Auta na zaune a International City, inda aka raɗa wa kowane rukunin gidaje sunan wata ƙasa. Shi a Ingila yake, mai wankinsa a Maroko. Ya rame kaɗan, amma idonsa fari tas. Na fara samun natsuwa ke nan, sai na buɗe durowa zan ajiye kayana, wari ya buge ni. Hankitai ne farare, kowanne a ƙulle cikin 'yar leda, duk suna tashin giya. Na zauna a bakin gado na fashe da kuka.

"Yaya, tsaya ki ji," in ji shi. "Ko ɗigo ban sha ba. Matsalar ke nan ma."

Ashe an rufe sashen abincin da yake, aka ce duk mai son a sabunta masa biza sai ya ci jarrabawar bambance wuskin Scotland, irin wanda ake yi da hatsi. Wanda ya faɗi, khalas, wato shi ke nan, sai gida. Abokan aikinsa suna kurɓa suna tofarwa. Shi kuwa ya roƙi malaminsu, wani dattijo Bature ɗan Scotland ɗin, ya bar shi ya yi da hanci kawai. Dattijon ya ce ai manyan masu haɗa wuski ma da hanci suka fi aiki, amma kada ya sa ran sassauci wurin maki. Tun da ba shi da lasisin ajiye kwalba a gida, sai yake ɗiga kowane iri a hankici ya taho da shi.

"To ka iya?" na tambaye shi.

"Ina fa! Duk warin asibiti nake ji."

Na daɗe ina addu'a kafin in taɓa ledojin nan, domin ni a rayuwata ko layin masu burkutu ba na bi. Amma alkawarin yaron nan da abincinsa ne a kan gaba. Na kwance ɗaya na shanya a taga, zafin giyar ya fita, na kai hanci. Ikon Allah! Ƙamshin gugguru ne, mai ɗan maiƙo. Na biyu ya fi laushi da zaƙi, sak alkaki da aka tsamo daga zuma. Na ce masa wannan masara ce, wancan alkama. Ya duba alamar da ya yi a ledojin, ya dafe kai. Ya ce haka ne, da ɗayan biyun ake yi, a haɗa da ɗan tsiron sha'ir, a zuba a gangar katako ya shekara uku ko fiye. Na ce tsiro kuma ai da shi muka tashi muna kunun zaƙi, kai dai sha kawai ka iya.

Da safe muka shiga kasuwa. A Ras Al Khor, bayan garejoji da rumbunan kaya, muka sami masara da kwakwa. Daga nan muka wuce Deira, muka hau kwalekwalen katako dirhami ɗaya kacal, ina riƙe da rigar Auta ina kiran sunan Yesu har muka sauka. A Al Buteen kuwa sai ka rantse Kantin Kwari kake, Hausa ta ko'ina, ana ta zancen kago da kwantena. Wani Alhaji ɗan Kano ya ji muna neman alkama, ya bar shagonsa ya raka mu har layin masu kayan ƙamshi, yana ce wa mai shago, "Habibi, shwaiya, 'yar'uwata ce," wato ya ɗan rage min kuɗi. Shawarma dirhami biyar, na ci biyu ban ji kunya ba.

Kicin ɗin Auta ya koma aji. Na yi gugguru, na yi alkaki, na soya kwakumeti, na dafa alewar madara, na jera kowanne kusa da hankicinsa. Wanda bai daɗe a ganga ba yana da kaifi, yana tsikarin hanci kamar ɓawon lemun tsami. Wanda ya tsufa kuwa ya kwanta, kwakwa da alewar madara ne ke fitowa. Akwai wani jaja-jaja mai ƙamshin dabino da ya jiƙa, ya ce wannan gangarsa ta taɓa ɗaukar ruwan inabi. Nakan ɗaure masa ido da ɗankwalina in miƙa masa. In ya kuskure in ce, "Hancin nan ado ne?" In ya dace in ba shi alkaki ɗaya. Ranar Juma'a muka je sujada, don a can ranar ake hutu, na sa shi cikin addu'a ba tare da na faɗa wa kowa dalili ba.

Ranar jarrabawa na kasa zama. Na share ɗakin, na sake sharewa, na wanke kwanukan da ba su yi datti ba. La'asar sakaliya sai na ji ana hawo bene da gudu.

"Yaya, na ci! Na ci!"

Kofuna shida aka jera musu, masu duhu don kada a ga launi. Ya gane biyar, ya rikice a ɗaya, kuma leɓensa bai taɓa ko ɗaya ba. Wai a kofi na uku ya manta inda yake, ya ce "alkaki" da ƙarfi, dattijon ya tambaye shi mene ne haka. Washegari na cika roba da alkaki na aika wa dattijon, ya cinye uku a tsaye, ya aiko a ce min lallai akwai kama. Na yi guɗa a benen nan har wata 'yar Filifin ta leƙo ta ga ko lafiya.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, maƙwabciyata da jakunkuna tara, ni da ɗaya. Ban gama sauke ta ba Mama ta tare ni a ƙofa.

"Ya sha?"

"Bai sha ba, Mama. Kuma aikinsa na nan."

Ta ɗaga hannu sama ta fara waƙar godiya, maƙwabta suka shigo suka amsa mata.

Tafiyar nan ta koya min kada in yanke wa mutum hukunci da labarin da ya tsallako teku, sai na zauna na ji ta bakinsa. Ta kuma nuna min cewa abin da mace ta koya a gaban murhu yana iya tsaya wa ɗan'uwanta a ƙasar da ba ta taɓa mafarkin zuwa ba. Har gobe ina roƙon Allah ya sauya masa sashe, ba zan ɓoye muku ba. Amma yaron da ake jera wa kofuna shida a gabansa ya sunkuya ya shaƙa ya ajiye, na daina kwana da fargabarsa.