Siton da Muka Kwaso Daga Ƙasar Gurguzu

Mu bakwai muka tafi, kuma a cikinmu babu wanda ya riƙe fartanya a daminar da ta gabata. An ce ziyarar ƙaro ilimi ce ta manoman citta, za mu je wata ƙasa a gabashin Asiya mu ga yadda tsarin gurguzu ya gyara musu karkara. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, don ba ta yi mini laifin komai ba. Akwai ciyaman ɗin ƙungiyarmu, wanda ya daɗe da sayar da gonarsa ya gina gidan haya a Kafanchan. Akwai surukinsa mai shagon kayan babur, da aka rubuta masa "babban manomi" a takarda. Akwai kansila biyu, da wasu mutum biyu da har yau ban san daga ina suka ɓullo ba. Sai ni, malamar firamare, da aka naɗa sakatariya saboda rubutuna yana karantuwa, kuma ba na musu a mitin.

Mahaifiyata, wadda ta yi shekara arba'in tana noman citta a ƙauyenmu kusa da Nok, a coci ta ji labarin tafiyar, lokacin da aka roƙa mana sauka lafiya.

Mutanen ƙasar sun karɓe mu da mutunci fiye da wanda muka cancanta. Sun nuna mana filayen da aka ƙwace daga hannun manya aka raba wa talakawa, kansilolinmu suka yi ta gyaɗa kai kamar ba su ne masu yanka filin makaranta ba. Sun kai mu asibitin ƙauye inda ba a biyan komai, ciyaman ya sa aka auna masa jini sau biyu. Surukinsa kuwa duk inda bas ta tsaya tambayarsa ɗaya ce, ina ake sayar da tayar babur. Kafin kwana uku duk sun sayi hula mai jan tauraro, sun koma kiran juna "kwamared".

Ranar da tafinta ta bayyana mana cewa manomansu kan taru su yi aikin gonar wannan yau, gobe su koma ta wancan, ciyaman ya juyo ya dube mu da ido waje.

"Kun ji ko? Abin da ya sa suka wuce mu ke nan."

Gayya ce fa. Da tuwon gayya aka rene shi. Amma sai da ya hau jirgi ya ji ta a bakin baƙuwa kafin ta zama ilimi.

Abu ɗaya na gani da ya burge ni har zuciya. Wani dogon gini ne fari, inda dukan ƙauyen ke ajiye iri. Ina shiga sanyi ya buge ni. Kowane gida da akwatinsa na katako mai ramuka, a jere kan kanta, fankoki suna ta juya iska. Wata mata ce a bakin ƙofa, tana ɗaga iri ɗaya bayan ɗaya, wanda ta ga alamar ciwo a jikinsa ba ya shiga. Na yi tambayoyi har tafinta ta gaji, na cika shafi uku. Ciyaman bai shiga ba, wai sanyi yana taɓa masa ƙirji. Yana waje ana ɗaukarsa hoto, ya dafa bangon kamar shi ya gina.

Da muka dawo na rubuta rahoto na kai masa. Ya karanta, ya zo kan shafukan nan uku ya ja musu layi da jan biro.

"Malama, wa zai ba mu wutar fanka a ƙauye? Ki bar dogon turanci. Ki rubuta cewa sun haɗa iri wuri ɗaya, sun ci gaba. Shi ke nan."

Na koma na sake bugawa. Duk rainin da nake yi wa mutanen nan, a wannan wurin laifin nawa ne, domin ni kaɗai ce na shiga ginin.

Aka samo tsohon siton hatsi a bakin hanya, rufin kwano, babu taga sai wata 'yar kafa can sama. Aka shafa masa farin fenti, ya yi kama da na hoton. Aka yi shela cewa bayan an haƙa citta kowa ya kawo irinsa. Babu wanda ya kawo. Ciyaman ya ce dole iyalan shugabanni su fara nuna misali, sai aka duba aka ga a cikin shugabannin ni kaɗai ce danginta ke da citta.

Mama tana da yadda take yi. Idan ta haƙa, sai ta zauna ta ware masu ƙiba, masu ido da yawa. Ta tona rami marar zurfi a inuwa, ta jera su, ta yayyafa ƙasa, ta rufe da busasshiyar ciyawa. Duk mako takan je ta cusa hannu ta ji ko sun yi zafi, in sun yi ta yayyafa ruwa. Irin nan daga hannun surukarta ta karɓe shi tana amarya, bai taɓa yankewa ba. Tun rasuwar babanmu da shi take ci, da shi take sutura, ba ta taɓa miƙa wa ɗayanmu hannu ba. In babu iri, babu shuka a shekarar.

Na same ta tana tsaga citta don shanya. Na yi mata bayani da irin muryar da nake yi wa 'yan aji uku. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

"Kin gan shi da idonki?"

"Na gani, Mama."

"Nasu bai lalace ba?"

"Ko ɗaya."

Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Zancen sanyin kawai na ɓoye mata, da na matar bakin ƙofa, don na riga na yi wa ciyaman alkawari, kuma ina jin daɗin yadda ake nuna ni a kasuwa ana cewa ga wadda ta je ƙasar waje.

Washegari Mama ta tone raminta. Da matan unguwa suka ga an ɗora buhunanta a babur, da yawansu suka tone nasu. Aka jibge buhu kan buhu, mai lafiya da mai ciwo, aka sa kwaɗo. Makulli yana hannun surukin ciyaman, shi kuma ya tafi sarin kaya. Zafin watan Maris ya zo ya zauna a kan kwanon nan. Sau biyu Mama tana takawa har sito don ta cusa hannu ta ji, sau biyu tana tarar da ƙofa a rufe. Ta aiko mini, na ce kada ta damu.

Bayan ruwan farko aka buɗe. Tun daga titi warin ya tare mu. Na sama sun yamushe, na ƙasa sun narke, ruwansu ya bi siminti har bakin ƙofa. Ciyaman ya toshe hanci da hankici, ya tsaya daga nesa ya yi jawabi. Wai tsarin ba shi da laifi, mutanenmu ne ba su waye ba, wani ne ya kawo iri mai ciwo don ya yi wa juyin juya hali zagon ƙasa. Ya ce akwai bukatar a sake komawa a ƙaro ilimi. Surukinsa ya tafa.

Mama ba ta saurare shi ba. Ta ɗaure zani, ta shiga, ta zazzage buhunanta a ƙasa tana tsinta. Na durƙusa zan taya ta, ba ta hana ni ba, ba ta kuma dube ni ba. Abin da muka tsira da shi bai cika daro ɗaya ba. Matan zumuntar coci da suka ƙi kai nasu tun farko su suka tara mata, wannan ta kawo cikin kwano, waccan cikin ƙullin zani. Na ga mahaifiyata tana karɓa da hannu biyu tana godiya, na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na so ta zage ni, ba ta yi ba.

Da rani ya sake zagayowa na je gida hutu. Da safe na ga ta ɗauki bokitin ruwa, ita da matar ƙanena, za su je duba iri. Na jawo takalmina da sauri.

"Bari in raka ku, Mama."

Ta tsaya ta dube ni, fuskarta ba fushi, irin duban da ake yi wa baƙon da ba a so ya wahala.

"A'a, Malama, ki zauna. Rana ta yi zafi."

Ba ta taɓa kirana Malama ba sai ranar. Na zauna a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa, ina ji tana ce wa matar ƙanena da yarenmu, ƙasa-ƙasa, su zaga ta bayan gidan, kada in ga inda ramin yake.