Lambobin da Ke Ɓacewa da Azahar

Vandi Kwaji ya yi shekara goma sha ɗaya yana gyaran rediyo a wata rumfar kwano a bakin kasuwar Mubi. Daga duwatsun Michika ya sauko yana saurayi, ya koyi aikin a hannun wani tsohon sojan sigina. Hali guda kowa ya san shi da shi: hankalinsa ba ya kwanciya da aikin hannunsa. Sai ya gyara rediyo ya miƙa wa mai ita, sannan ya bi shi har bakin titi yana cewa, "In ta yi wani ƙara ka dawo da ita." Matarsa Susanna takan ce ko gishiri aka ce ya zuba a miya, sai ya leƙa tukunyar sau uku.

A bazarar 1984 Sista Roda ta zo rumfar da kanta. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin haihuwa ta wajen Lamorde. Ko zama ba ta yi ba.

"Baba Vandi, kwalbar jarirai ce. Akwai bakwaini a ciki, kwanansa huɗu."

"Sista, ni rediyo na sani."

"Babu wani sai kai. Taso."

Kwalbar akwati ce ta gilashi mai ɗumama jariri. A gabanta akwai ɗan allo da jajayen lambobi masu nuna zafin ciki. Da safe lambobin tar suke. Da rana ta take, kwanon ɗakin ya ɗau zafi, sai su fara dushewa, kafin azahar ba a ganin komai. Kuma a daidai lokacin ne ake tsoron zafin ya yi wa yaron yawa. Dole Roda ta riƙa buɗe murfin tana cusa ma'aunin hannu, ga shi buɗewar ma ba a son ta.

Uwar yaron, Fatu, tana zaune kan tabarma a gefe. Hannun Vandi kawai take kallo. Shi kuwa ya leƙa ya ga jaririn, ƙafar yaron ba ta fi babban yatsan hannun Vandi ba.

Ya taɓa bayan allon, ya ji shi kamar dutsen guga. Nan ya gane: ƙananan fitilun lambobin ne ke rage haske idan sun ji zafi. In ya ƙara musu wuta gaba ɗaya, za su iya ƙonewa, a rasa na safen ma. Abin da ake so shi ne wutar ta ƙaru kaɗan kaɗan yadda zafi ke ƙaruwa, ta koma idan gari ya yi sanyi.

Ya koma rumfa ya farke wata matacciyar rediyo, ya ciro wata 'yar ƙwaya kamar wake da masu gyara ke kira tamisto, wadda ke ƙara sakin wuta idan ta ɗumama. Bai yarda ya gwada a kan kwalbar ba. Agogon tebur mai irin lambobin ya samo, ya haɗa masa ƙwayar, ya ɗora a kan kwanon rumfa cikin rana. Gwajin farko, lamba ɗaya ta yi haske ƙwal ta mutu. Ya tsaya yana kallon ta. Susanna ta kawo masa tuwo, ya huce a inda ta ajiye.

Sai a gwaji na huɗu hasken ya tsaya daidai, a rana da inuwa.

Washegari da hantsi ya cire allon daga jikin kwalbar, na'urar ɗumin tana ci gaba da aiki. Roda ta tsaya da ma'auni a hannu. Ya ɗauki ƙarfen dalma na liƙa waya, sai ya juyo wajenta.

"Sista, in na ɓata fa?"

"To mu koma yadda muke jiya. Yi aikinka, Baba."

Ya liƙa wayoyi uku, ya mayar da allon. Lambobin suka kama. Amma ai da safe dama suna kamawa. Ya ja benci ya zauna yana jiran rana. Sha ɗaya ta wuce. Sha biyu, kwano ya fara ƙas ƙas, gumi na bin bayansa. Duk ƙiftawar ido sai ya ga kamar jan ya ragu, ya tashi ya kare allon da tafin hannu ya duba. Aka kira azahar a masallacin unguwa. Roda ta tsaya daga bakin ƙofa, taku biyar daga kwalbar, ta karanta da ƙarfi: "Talatin da huɗu."

Ta gwada da ma'aunin hannu, daidai. Fatu ta faɗi wata magana da Fulatanci, ta rufe fuska da gyale.

Vandi bai tafi ba sai da la'asar. Kwana goma sha tara yana rufe rumfa da tsakar rana, ya hau keke ya zo ya duba lambobin, har ranar da aka sallami Fatu. An sa wa yaron suna Gabdo. Da za su hau motar ƙauye, Roda ta ce Vandi ya karɓe shi ya ji nauyinsa. Ya goge hannu a riga, ya miƙa, sai kuma ya janye.

"A'a, Sista. Ku dai riƙe shi da kyau."