Gwajin Katin Hoto a Kabo da Gwarzo

Mun tashi da asuba daga Kano, mu uku, da katin hoto guda biyu a cikin kwalin takalmi. Katin hoto shi ne ɗan allon da ke cikin kwamfuta mai fitar da hoto a sikirin. Mu muka zana namu, da niyyar sakin zanen kyauta, duk mai so ya ƙera. Gardama ce ta tsayar da mu. Ɗaya katin yana da fanka da sauri, amma akwai shan wuta. Ɗayan ba fanka, tafiyar hawainiya yake, sai dai wuta kaɗan ta ishe shi. Guda ɗaya za mu iya aikawa a buga, shi ya sa muka fita gwaji.

Hanya lafiya lau har Rimin Gado, daga nan sai ramuka jefi-jefi. Damina ce, dawa ta kai ƙugu. A Garo muka karya da koko da ƙosai. Mai ƙosan ta ce mai ya yi tsada, girman ƙosan kuma ya gaskata ta.

A Kabo wata Hajiya ce ta karɓe mu, mai shagon koyar da kwamfuta da ke aiki da sola. Bayan doguwar gaisuwa muka sa mai fankar. Hoto ya fito tar, abokin tafiyarmu da ya zana shi har da gyara zaman hula. Kafin azahar hadari ya rufe rana, batir ya yi ƙasa, inbata, na'urar da ke juya wutar batir, ta fara ƙara, ɗalibanta mata suka zuba mana ido. Muka sauya da marar fankar. Bidiyo yana ɗan tsattsayawa, amma aka gama darasi. Hajiya ta ce ita dai ba tsere take yi ba.

Da la'asar muka isa Gwarzo, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a bayan kasuwa. Ya sa tabarau ya jujjuya katunan. Ya nuna babban ayisin mai fankar, wato ƙwaƙwalwar katin, wanda ƙafafunsa ke ɓoye a ƙarƙashinsa, ya ce, "Malam, in wannan ya ƙone, ta ina zan sa masa dalma? Kun ce kowa zai iya ƙerawa. To, wa zai gyara?"

Marar fankar kuwa ya bi ƙafafunsa da farce, ya ce wannan zai iya, in mun ƙara tazara tsakanin kayan. Hakan na nufin allon zai ƙara girma, bugunsa ya ƙara tsada. Muka rubuta.

A hanyar dawowa, da muka wuce Janguza, sai wanda ya zana mai fankar ya juyo gare mu. Can ya ce a aika marar fankar, shi da kansa zai faɗaɗa allon.

Mun shigo gida daf da isha'i. Wata da watanni muna auna sauri a kan tebur, amma ba wanda ya taɓa tuna hadari, balle hannun mai gyara. Sai da muka je muka gani.