Ciyawar da ke bin Kawu

Kawu, yayan mahaifiyata, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan tambaya ɗaya: me ya sa wata halitta take zama a nan, ta ƙi zama a can. A jami'a Farfesa ake ce masa. A gida kuwa Inna, matarsa, cewa take aikinsa ƙidayar abin da ba wanda ya aike shi.

Abin da ya fito da sunansa wata baƙuwar ciyawa ce mai ƙaya, ƙanwar ƙarangiya, da ta shigo ba sallama ta kama cin gonaki. Kawu kamar mai duba yake a kanta. Zai shimfiɗa taswira a teburin ofis, ya danne gefenta da kofin shayi, ya ɗora yatsa ya ce baɗi a nan za ta ɓulla. Da rani sai ya ja tsohuwar motarsa zuwa wurin, ya zaga da ƙafa don ya tabbatar ba ta riga shi ba, ya kafa turke ya dawo. Damina na sauka, sai ga ta a gindin turken. Bai taɓa kuskure ba. Maƙalar da ya rubuta a kan haka kowane ɗalibin fannin sai ya ambace ta, har wanda bai karanta ba. Duk wanda ya kammala digiri a hannunsa kuma, kyautarsa ɗaya ce: tsohon buhun ɗibar samfuri daga bayan motar.

Da ritaya ta matso, aka shirya masa laccar bankwana, aka ɗora haɗa hotunan a kan wata tsohuwar ɗalibarsa da ake kira Dakta Shiru. Ta yi taswirar yaɗuwar ciyawar, ta kuma yi taswirar wuraren da Kawu da ɗalibansa suka yi aiki, don a ga girman tasirinsa. Da ta jera su a kwamfuta, sai ta ga kamar an tsaga kara.

Ta nufi inda Kawu ke ajiye mota. Ta zare shimfiɗar ƙafa ta motarsa, ta kakkaɓe a kan faranti mai cike da ƙasa, ta riƙa ba shi ruwa. Ran da ya yi kore shar da ciyawar ta ɗauko shi har falon Kawu. Ina zaune.

Kawu ya ɗora laifin a kan iska, ya koma kan shanu, ya gangaro kan tsuntsaye. Dakta Shiru ta ce ita dai ba ta san tsuntsun da ke sauka a bayan gidajen malaman jami'a kaɗai ba.

Inna na ninke wanki, ko kai ba ta ɗaga ba. "Ni dai na san abin da nake tsincewa a safarka tun muna amare."

Ya tambaye ta inda take zubarwa. Ta ce bayan katanga, inda ya taɓa kai baƙi daga ƙasar waje suka yi ta ɗaukar hoto.

Kawu ya ƙura wa ciyawar ido. Sunan da ya yi rayuwarsa yana ginawa ne ke tsiro a faranti. Dakta Shiru ta tausaya, ta ce za ta cire taswira ta biyu ya yi bankwanarsa lafiya, maganar kuma sai bayan… Ta haɗiye sauran.

"Bayan na mutu?" in ji Kawu. "Ki ci suna ke kaɗai a kan gawata? 'Yar nan, tare za mu rubuta, kuma sunana ne a gaba. Ni ne mai binciken, ni ne kuma abin hawan."

Ranar lacca ya hau mumbari ya sanar cewa bayan dogon nazari ya gano babban mai yaɗa ciyawar: wata halitta ce mai ƙafa biyu, mai furfura, wadda ba ta wanke mota. Ya sa aka haska taswirorin biyu. Ba wanda ya san ko tafi ake yi ko jaje. Na ga wani shugaban sashe a layin gaba yana share takalminsa da ƙafar kujera.

Sabuwar maƙalar ta fito, ta kuma binne tsohuwar. Yanzu duk ɗalibin da zai bar fili sai ya goge takalmi da buroshi, ya zazzage buhu, ya wanke taya. Dakta Shiru ta daɗe tana ɓoye masa sunan da suka sa wa wannan aiki, har dai Inna ta fasa ƙwan a gabanta: kakkaɓe Farfesa.

Kawu ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Sannan ya juya ga Dakta Shiru.

"A jami'o'i nawa ake faɗa?"