Ɗauko Inna Daga Doguwa A Motar Caji

Ƙofa, ƙarfe biyar da minti arba'in

Ana idar da sallar asuba na zare igiyar caji daga hancin motar. Kwana biyu ta yi a jone a injin casar shinkafar maƙwabcina, don wutar garinmu Ƙofa sai ta ga dama take leƙo mu. Allon gaba ya nuna ɗari bisa ɗari, ya yi min alkawarin kilomita ɗari biyu da talatin. Zuwa ƙauyen surukaina a bayan Doguwa da dawowa, ɗari biyu da ashirin ne. Ni kuwa malamin lissafi ne, na ga har da rarar goma, na ji daɗi.

Motar ta hannu ce, mai aiki da lantarki. Bara na saye ta wurin wani dillali a Kano, lokacin da fetur ya fi ƙarfin albashina. Ya ce min ba mai, ba baƙin mai, ba filogi. Abin da bai faɗa ba sai bayan na biya shi ne, masu gyaranta na gaske suna Abuja.

Matata Hajara watanta ya tsaya, bayan shekara bakwai muna jira. Da gida za ta tafi goyon ciki, amma likita ya hana ta nisa da asibiti saboda hawan jini. Ta rako ni zaure tana dafe da ƙugu, ta ce, "Malam, ka kawo min Inna yau. Jikina yana gaya min wani abu." Na bugi ƙirji na ce kafin la'asar.

Abokin tafiyata Kawu Iliya ne, ƙanen mahaifiyata, wanda ya shekara talatin yana jan babbar mota. Shi ne bakina, domin a wurinmu suruki ba ya doguwar magana da surukarsa. Ya shiga, ya gyara zama, ya ce, "To, tayar da ita mana."

"Ai a tashe take, Kawu."

Ya kasa kunne. "Wannan mota ce ko keken ɗinki? Kai, keken ɗinki ma yana ƙara."

Kwanar Dangora, shida da kwata

Nan muka sha shayi da burodi, mai faci ya ƙara mana iska. Wani bakanike ya roƙi in buɗe masa gaban motar ya gani. Ya duba, ya sake dubawa, bai ga kafireta ba, bai ga inda ake zuba baƙin mai ba. Ya ja ni gefe cikin tausayi ya ce, "Malam, a ina ka kwana da ita? Wallahi an sace maka rabin inji."

Daga nan zuwa Tudun Wada awaki ne suka ba mu aiki. Ba sa jin zuwanmu, sai su kwanta abinsu a tsakiyar titi. Kawu ya fito da hannu ta taga yana dukan ƙofa yana "Kai! Kai!" Ya ce tunda ba ta da murya, shi zai zame mata.

Dajin Falgore, takwas saura

A shingen bakin daji, jami'in da ya tsayar da mu ya zagaye motar sau biyu yana neman salansa, sannan ya ce mu wuce, Allah ya kiyaye. Muna shiga daji hanya ta fara hawa, allon nan kuwa ya fara cin amanata. Mu yi kilomita ɗaya, ya cire biyu. Na kashe rediyo. Na kashe sanyi. Kawu ya kalle ni ta gefen ido, kallon da ya fi zagi ciwo.

Doguwa, tara da minti goma

Mun isa da arba'in da huɗu bisa ɗari. Allo ya ce saura kilomita tamanin da biyar. Gida kuwa ɗari da goma.

Na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, kaina a ƙasa, muka gaisa. Ta tambayi kowa har da kaji, amma ba ta ambaci Hajara ba. Hajara ce 'yar farinta, kuma tun da ta haife ta ba a taɓa jin sunan a bakinta ba. Sai dai ta dubi Kawu ta ce, "Malam Iliya, mutanen gidan suna lafiya?"

Na sulale zuwa shagon mai cajin waya, shi kaɗai ke da janareto a ƙauyen. Ya karɓe ni da murna, ya ce bai taɓa samun babban kwastoma irina ba. Muna jonawa janareton ya yi tari sau biyu ya mutu, wayoyin mutanen gari arba'in suka ɗauke gaba ɗaya. Na ba shi haƙuri, na naɗe igiyata ina sauri.

Da na dawo sai na tarar ana lodi. Tukunyar wankan jego, wadda mutum zai iya zama a cikinta. Buhun masara. Rabin buhun dankalin Turawa. Kanwa, gero, kaji biyu. Sannan itace, dami shida, a kan rufin mota.

Na raɗa wa Kawu, "Akwai itace a Ƙofa fa."

Ya ce, "Je ka gaya mata."

Ban je ba. Wane ni in ce wa surukata ta rage kayan jegon 'yarta?

Komowa, sha biyu da rabi

Inna ta zauna a baya tare da kajin. Rana ta take, ga gilashi a rufe don kada iska ta ja mu baya, ga sanyi a kashe. Gumi yana ɗiga daga gemun Kawu. Inna tana fifita da bakin mayafi.

A gangaren dutse Allah ya taimake mu, domin irin motar nan in tana gangarawa batirinta ƙaruwa yake. Kawu ya ga lamba ta hau da biyu, ya ce, "Ikon Allah, tuƙa take kamar saniya!" Har na fara jin kaina. Muna tsakiyar daji sai ga wayar ƙanwata: naƙuda ta tashi, sun tafi asibiti, Hajara ba ta kiran kowa sai Inna. Na amsa da "to, to," na ajiye wayar. Na ƙara taka motar. Tsoro na ji, tsoro na gaske, ba na daji ba. Na yi alkawarin da ba nawa ba ne in cika, na batir ne.

Tudun Wada, biyu da minti ashirin

Muna shiga gari hoton wani ɗan kunkuru mai ruwan ɗorawa, alamar batir ya kusa ƙarewa, ya bayyana a allo, motar kuwa ta koma tafiyarsa. Mai kura ɗauke da jarkokin ruwa ya wuce mu. Na lallaɓa zuwa wurin wani mai walda, muka jona a babban janaretonsa. Cajin rabin awa, kilomita biyar kawai ya ƙaru.

Na kira masu gyara na Abuja. Wani mai ladabi ya saurare ni tsaf, ya ce, "Ba damuwa, ranka ya daɗe, kawo ta mu duba." Mutanen kasuwa kuma suka taru suna ba da shawara. Wani ya ce a tura ta, in sa giya ta biyu. Na ce ba ta da giya ta biyu. Ya ce to a sa ta uku.

Na tsaya ina kallon igiya kamar kallon zai ƙara mata gudu. Ban iya zuwa na ce wa Inna motata ta gaza ba. Sai na ji an buɗe ƙofar baya.

"Malam Iliya," in ji Inna, "a gaya wa mai mota, ni ma ina da waya. Na san batir in ya yi ja. Tun a daji nake kallon lambar nan tana sauka, kunya ta hana ni magana, shi ma ta hana shi." Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta ɗauki ƙullin kanwarta. "A tsayar min da mai babur. Hajara tana jirana."

Kawu ya saki baki. Ni ma na ɗago kai na dube ta, karo na farko tun da na auri 'yarta. Shekara ashirin da takwas ba ta faɗi sunan nan ba, sai yau a gaban mai walda. Ta hau bayan babur, ta ce wa mai shi, "Ɗan nan, ka yi gudu, ban da ganganci," suka ɓace.

Ƙofa, bayan magariba

Mu kuwa Kawu ne ya fitar da mu. Ya tare wata babbar motar rake, ashe direban a hannunsa ya koyi tuƙi. Aka ɗaure mu da igiya kamar tunkiyar da za a kai kasuwa. Jan da ake mana ya riƙa cika batir, har muka kwance a Kwanar Dangora da goma sha ɗaya bisa ɗari. Da ƙafarmu muka shiga gari, sai dai ba wanda ya ji shigowarmu.

A ƙofar asibiti ƙanwata ta tare ni da guɗa. Mace aka samu, uwa da 'ya lafiya. Inna ta iso minti ashirin kafin haihuwar, hannunta Hajara ta riƙe. Na zauna a kan dakali na yi kuka, Kawu yana cewa in tashi kada kajin su raina ni.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa mai walda, da direban rake, da mai baburin da ban san sunansa ba, ina kuma sake ba mutanen ƙauyen surukaina haƙuri kan wayoyinsu.

Washegari da sassafe ina kunce itace daga rufin mota, tukunyar jego tana kan murhu, sai ga Kawu da saƙo.

"Inna ta ce in ta gama wanka, kwana arba'in, kai za ka mai da ita gida. A motarka."

Na ji kaina ya yi girma. Na ce, "Da gaske, Kawu?"

"Da gaske. Ta ce a sa ta a caji tun yau."