Kwale-kwalen da Baba Ya Liƙe

Baba ne ke kula da wasu kwale-kwalen yawo a wani tsohon ramin kuza mai ruwa, kusa da Bukuru. Da mutane suka daina zuwa, ogansa ya sayar da su ga wani mai katako.

Ranar da za a ɗauki na ƙarshe, na biya ta wurin daga makaranta. Baba ya zuba ruwa a ciki yana neman inda yake yoyo. Ya samu tsaga, ya liƙe da kwalta.

Mai katakon ya ce, "Haba Malam, farfasa shi za mu yi fa!"

Baba ya ce, "Na sani."

Ban ji komai a raina ba, kwaltar da ke farcen Baba kawai nake kallo. Washegari ya sa takalmin robar da yake zuwa aiki da shi, ya zauna a ƙofar gida, ba wurin zuwa.