Ɗahiru Ya Ajiye Wuƙa

Ɗahiru mahauci ne ɗan mahauta a Sabon Garin Jega. Teburinsa na bakin tasha, wajen da motocin Maiyama ke lodi. A da, duk ranar kasuwa sa guda yake kayarwa, kafin la'asar ya wanke wuƙa. Da kuɗin mai ya tashi, dabbobi suka yi tsada, sai ya koma tunkiya. Daga baya akuya, ita ma haɗa kuɗi suke yi da ƙanensa Bashar.

Masu saye ba su watse lokaci guda ba. Mai sayen tsoka ya koma kayan ciki, mai kayan ciki ya koma ƙashi. Wasu matan sukan aiko a ba su ɗan kitse, don dai miya ta yi ƙanshi. Tun abin na taɓa ransa har ya daina. Ya yanka, ya ƙunshe, ya miƙa, ya kori ƙuda.

Wata safiya Malam Waliyyu, malamin firamare da ya daɗe yana saye a wurinsa, ya tsaya da babur.

"Sarkin fawa, ba ka ji rediyo ba? An ce hauhawar farashi ta sauka. Sai ka rage muna."

"Ta sauka ina?"

"Ƙasa baki ɗaya. Lissafin hukuma ne."

"To, ba ta biyo ta kasuwar dabbobi ba," in ji Ɗahiru.

Malam ya yi 'yar dariya. Ya daɗe yana duban cinyar akuya, sannan ya nuna ƙashi.

A gida Ɗahiru ya ba 'yarsa Najiba labarin. Tana karatu a jami'a a Aliero, ta zo hutu.

"Baba, ba cewa suka yi kaya sun yi araha ba," ta ce. "Har yanzu suna tashi, saurin ne ya ragu. Komi suke haɗawa, hatsi da haya da sutura, su fidda matsakaici."

"Gero kam ya ɗan sauka," in ji Safara'u matarsa, daga bakin murhu.

Ɗahiru ya gyaɗa kai. Ya ja kwanon tuwo. Miyar kuka ce, babu nama, kuma ya manta rabon da wani a gidan ya yi maganar hakan.

Bayan damina Bashar ya samu babur na haya, ya bar fawa. Ɗahiru shi kaɗai bai iya sayen akuya. Ya ɗan jima yana zuwa tasha yana zama haka nan, ana gaisawa. Da aka fara cire albasa, sai ya shafa wa wuƙaƙensa mai, ya naɗe su a tsumma, ya bi wata mota zuwa Aliero aikin cika buhu.

Can Najiba ta gan shi wata rana a kasuwar albasa, yana ɗinke bakin buhu, ɓawo duk ya manne masa a gemu. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, yaushe za ka koma fawa?"

Ya ja zare, ya datse da haƙori.

"Allah masani. Kin ci abinci?"

Ta ce ta ci. Ya ce to, ta wuce makaranta kada ta makara, ya jawo wani buhun.